Shuɗin Dutse a Bakin Nana

Brestovo, 14 ga Yuni, 1986

Tetka Raziya,

Na san da gaisuwa ake fara wasiƙa, amma in na fara da ita zan kasa rubuta sauran. Wata uku ke nan ina goga wa Nana shuɗin dutse a cikin baki, kuma ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ke ce ta farko da ta ji.

To, yanzu gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya Jamus. Ni ce Zineta, 'yar Hamid, jikar Nana Derva, matar wan babanki. Rabonki da ni tun ina aji biyu, ranar da kika kawo mini jan takalmi na ɓuya bayan murhu na ƙi fitowa. Makon jiya na gama aji takwas. Babo, mahaifina, yana Iraƙi wajen aikin gini, sai baɗi zai dawo. Tun rasuwar Mama daga ni sai Nana a gidan. Adireshinki a bayan katin Sallah na gani. An ce wajen likitan haƙori kike aiki, shi ya sa na yi ƙarfin hali.

Ga abin da ke bakinta. A cikin kumatunta, dama da hagu, akwai farin zane sirara da suka sarƙe da juna, kamar saƙar da ake yi wa bakin mayafi. Na sa tsumma na goge, ba ya fita. A tsakanin zanen akwai wurare ja kamar an saɓule fata, su ne ke mata zafi. Sai kuma wani tabo a gefen harshe ta hagu, ja da fari, girman ƙwayar wake. Ba ta cin tumatir yanzu, ba ta cin barkono. Gahawa ma sai ta huce take kurɓa, ita da take korar baƙo da tsiya in ya bar tasa ta huce. Da azumi da kyar take haɗiye miya in an sha ruwa. Siket ɗinta har ninka ƙugun take yi.

Dutsen kin san shi, wanda muke jiƙawa da farar ƙasa a fesa wa inabi. Shekara arba'in mata na kawo wa Nana masu ƙurjin baki tana ɗan taɓa musu shi. Yanzu idonta ya yi rauni, ba ta ganin cikin nata bakin a madubi, ni ce hannunta. Kowace safiya tana zama a kan benci, ta ɗaga kai, ta rufe ido, ta riƙe katako da hannu biyu. Hawaye na bin kuncinta tana cewa, "Ci gaba, ɗan tsako, zafin shi ne maganin." Washegari wurin ya yi toka-toka, jibi ya fi da ja.

Na ce mu je likita. Ta ce, "Kakanki da ƙafarsa ya shiga asibitin Sarajevo, a kwance aka dawo mini da shi. Kuma so kike Hankiya ta ji mai maganin baki ta kasa nata? Kafin azahar ta kai labarin har garin Stolac." Hankiya maƙwabciyarmu ce, in kin tuna, mai katangar rumman.

Har yanzu Nana tana naɗa tabarmu ta gona tana sha, biyar ko shida a yini.

Tetka, goggona, don Allah ki tambayar mini likitanku. Nana ba ta karatu, ni ke karanta mata duk abin da ya zo. In za ki amsa ki sa takarda biyu a ambulan ɗin, ɗaya tata, ɗaya tawa. Kada ki gaya wa Babo, ba abin da zai iya daga can sai damuwa.

Ki yi haƙuri da rubutuna.

Zineta


Stuttgart, 27 ga Yuni

Zineta 'yata,

Na samu wasiƙarki. Lafiyata ƙalau, sai ciwon ƙafa na tsayuwa. Na tuna ki sarai, ƙafafunki kawai na gani ranar, sun leƙo ta gefen murhu. Ɗaya takardar ta Strina Derva ce, matar baffana, gaisuwa ce da labarin ruwan sama, ki karanta mata. Wannan taki ce.

Da farko, ba ki yi laifi ba. Rantsuwar da za ta cinye bakin mutum Allah ba ya kama yarinya da ita.

Ni ba likita ba ce, kayan aiki nake wankewa ina miƙawa. Amma na fassara wa likitanmu wasiƙarki lokacin cin abinci, har ya ajiye cokali. Ya ce wane ne ya kwatanta wannan, na ce 'yar shekara goma sha biyar. Ya ce ba ya yanke hukunci a kan bakin da bai gani ba, amma farin zanen nan mai kama da saƙa, a kumatu biyu, ya yi kama da abin da suke kira liken planus. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ƙazanta ke kawo shi ba. Jiki ne ke faɗa da fatar bakinsa, kuma ya fi kama mata masu shekaru. Yawanci ba mugun ciwo ba ne, mutane na tsufa da shi. Akwai man shafawa da ke kwantar da zafin.

Abin da bai so ba shi ne tabon gefen harshe, ga shi tana shan taba. Ya ce irin wannan sai an duba, a yanki ɗan mitsitsi a sa a madubin likita, don wani lokaci yakan juya ya zama abin da ba ma so.

Dutsen nan kuwa ki daina daga yau. Ƙona ta yake yi, ƙuna a kan ƙuna, kuma yana ɓoye wa likita ainihin abin da ke wurin. Da na gaya masa na fesa inabi ne sai ya dafe kai. Ban ce masa ni ma an taɓa mini shi ina ƙarama ba, kuma Strina ce ta taɓa mini.

Ki ba ta kindirmo, dankali mai laushi, miya mai ɗumi-ɗumi. Ban da tsami, ban da yaji.

In Allah ya yarda zan zo Babbar Sallah cikin Agusta in gan ta da idona.

Tetkarki,
Raziya


Brestovo, 12 ga Yuli

Tetka Raziya,

Ina gaishe ki, Allah ya ba ƙafa sauƙi. Muna lafiya. An fara tsinkar taba, tun asuba muke gona, da rana muna ƙarƙashin rumfa muna zura ganye a zare. Hannuna ya yi baƙi da danƙo, shi ya sa takardar ta yi tabo. Nana ta ji daɗin wasiƙarta. Ta ce in gaya miki har yanzu ba ki iya labari ba, mutum ya zauna Jamus shekara goma sha biyu ba abin da ya gani sai ruwan sama.

Na karanta tawa sau huɗu a bayan rumbu. Da na kai inda kika ce yawanci ba mugun ciwo ba ne sai na zauna a ƙasa na yi kuka.

Na daina dutsen, amma ba yadda kike zato ba. Ban iya ce mata na daina ba, don za ta tambayi dalili. Sai na je rafi na tsinto guntun shuɗiyar kwalba wanda ruwa ya goge wa kaifi, sumul kamar tsakuwa. Na tafasa shi, na sa a gwangwanin dutsen. Na gaskiyar na zuba a buhun na inabi. Da safe ta rufe ido kamar kullum, na goga mata kwalbar a hankali.

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Yau bai ciza ba."

Na ce, "Uhm."

Ta ce, "Kin gani? Ciwon ya fara mutuwa, shi ya sa dutsen bai samu abin ci ba. Ku 'yan makaranta ba ku da haƙuri."

Tetka, kwana goma ke nan, kuma wallahi ta samu sauƙi. Tokar nan ta tafi. Jan wuraren kumatu sun ragu, jiya ta ci burodi ba tare da ta jiƙa shi ba. Farin zanen yana nan. Tabon harshe ma yana nan, ina jin ya ɗan fi da faɗi, amma ta ce ko kaɗan ba ya mata zafi, to na gode wa Allah.

Maganar dubawa, tunda za ki zo da Sallah sai mu jira ki. Ke za ta ji maganarki, ni in na buɗe baki sai ta ce in je in duba kaji. Mako biyar ne kawai. Na fara gyara miki ɗakin sama.

Zineta


Stuttgart, 9 ga Agusta

Zineta,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini shirun nan. Na sauya gida a ƙarshen Yuni, wasiƙarki ta yi wajen mako uku a akwatin tsohon gidan, sai jiya matar ta kawo mini. Duk wannan lokacin ina zaton kun je Sarajevo kun dawo.

Ba zan zo Sallah ba. Abokiyar aikina ta haihu kafin lokaci, an hana ni hutu. Kuma ko da zan zo, ban ce ki jira ni ba. Na koma na tuna abin da na rubuta, laifina ne, na sa zuwana a ƙarshe kamar shi ne maganin. Zuwana na gaisuwa ne. Idona ba ya ganin abin da madubin likita ke gani.

Ki saurare ni da kyau. Wanda ke mata zafi ba shi ke ba ni tsoro ba. Wanda ba ya zafi, yana faɗi, shi ne. Kumatun sun yi sauƙi don kin daina ƙona su, ba don ciwon ya tafi ba. Harshen nan an riga an ba shi mako shida da bai kamata a ba shi ba.

Ku je wajen likitan Stolac ya ba ku takarda zuwa sashen ciwon baki a Sarajevo. Makon nan, ba bayan tsinkar taba ba, ba bayan tsinkar inabi ba. In ta ƙi, ki rubuto, zan buga wa babanki waya ta kamfaninsu, ko kin so ko ba ki so ba.

Dabarar kwalba ta ba ni dariya, sannan ta sa ni kuka. Amma kin ga inda ta kai mu. Yanzu ta yarda dutsenta ne ya yi aiki.

Ba fushi nake da ke ba, 'yata. An ɗora miki abin da ya fi ki ne.

Raziya


Brestovo, 24 ga Agusta

Tetka Raziya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Kada ki buga wa Babo. Za mu tafi ranar Talata.

Wasiƙarki ta zo kwana biyu bayan Sallah. Na sa ta a aljihu ina yawo da ita, kullum in ce yau zan faɗa, in kalli Nana in fasa. Sai abin ya zo ta inda ban zata ba.

Tunda ta ga sauƙi, ita da kanta ta fasa sirrin da ta sa ni rantsuwa a kai. Ta gaya wa Hankiya ta kan katanga cewa ta yi ciwon baki wata biyar ta warkar da kanta. Ran Laraba sai ga Hankiya da surukarta, wai ƙurji ya fito mata a leɓe.

Hankiya ta ce, "Derva, a taɓa mata wannan mai albarkar. Ko Allah zai sa ya rage mata surutu ma."

Nana ta ce, "In yana rage surutu da ke zan fara. Zineta, kawo gwangwanin."

Na kawo. Na wasu ita take yi da kanta, don tana ganin leɓe. Ta ɗauko shi, ta juya shi a yatsu, sannan ta ɗan lasa da kan harshe kamar yadda take yi kafin ta taɓa wa kowa. Ta tsaya. Ba ta kalle ni ba. Ta mayar, ta rufe gwangwanin, ta ce, "Wannan ya tsufa, ba ƙarfi. Ki bar ƙurjin, kwana bakwai zai tafi da kansa. In bai tafi ba ki je Stolac."

Hankiya ta ce, "Ke ce yau kike tura mutane Stolac?"

Nana ta ce, "Ni ce. Ku sha gahawa ku tafi, ina da ganye a gabana."

Da suka fita ta zauna ƙarƙashin rumfa ta ɗauki allurar taba. Ta zura ganye kamar goma kafin ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Farkon Yuli."

Ta ce, "Wato mako bakwai ina yabon gindin kwalba."

Sai na fito da wasiƙunki, duka biyun da ba ta sani ba. Na karanta mata tun daga farko, ban tsallake layi ba, har inda kika ce wanda ba ya zafi shi ne abin tsoro. Na gaya mata ni na fara rubuto miki. Ta gama zaren hannunta ta shiga ciki.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Da kyanwa take aiko mini saƙo. In abinci ya nuna sai ta ce, "Ke mage, gaya wa likitar gidan nan ta zo ta ci." Na gwammace ta dake ni.

A rana ta uku da hantsi ta kira ni bakin taga ta ce in kawo madubi. Ta ce, "Nuna mini mara zafin." Na ɗora yatsanta a kai, tunda ba ta gani. Ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Yana da tauri." Sannan ta ajiye madubin ta ce, "Kin ji tsoro?"

Na ce e.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Ke kaɗai?"

Sai ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, da hannunta mai warin taba, ta ce, "Allah ya yafe mini, na sa ɗan tsako ya kwanta a kan ƙwai." Can ta ce, "Tashi ki nemo mini baƙin takalmina, ki duba ko ɓera bai ci ba."

Jiya mun karɓo takarda a Stolac. An gaya wa Hankiya tabarau za mu je a yi wa Nana. Ta ce dama ya kamata, tunda makon jiya Nana ta gaishe da turken inabi.

Ki yi mana addu'a.

Zineta


Brestovo, 21 ga Satumba

Tetka Raziya,

Ina gaishe ki. Na san kina jiran labari, na bari ne sai sakamako ya fito. Ba daji ba ne. Na sa wannan a sama don kada ki wahala. Amma ki karanta har ƙasa.

Sau biyu muka je. Daga Mostar muka shiga jirgin ƙasa, Nana na ƙirga ramukan dutse da jirgin ke ratsawa tana salati a kowanne. A ƙofar asibitin ta tsaya cak, ta ce, "Nan ne." Na riƙe hannunta muka shiga.

Likitar mace ce, ba ta kai ki ba. Nana ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Yarinya, babarki ta san kina nan kina leƙa bakin mutane?" Likitar ta ce, "Ita ta turo ni, Nana, buɗe." Ta naɗe harshen da auduga ta juya shi dama da hagu, ta taɓa wuyanta. Ta ga tabon ƙuna ta tambaya. Ni na ba da labarin dutsen, kaina a ƙasa. Ta ce da mun zo ana kan gogawa, da sai ta mayar da mu gida mu jira ƙunar ta warke kafin ta iya ganin komai. Nana ta ce, "To ki gode wa gindin kwalba." Likitar ba ta gane ba, ba mu kuma yi mata bayani ba.

Aka yi allurar kashe zafi, aka yanki ɗan kaɗan a kumatu da a harshe, ɗinki biyu-biyu. Bayan mako biyu muka koma. Likitar ta ce wa Nana na kumatu shi ne ciwon da kika faɗa, ta ba da man da zan riƙa shafa mata sau uku a yini bayan na tsane wurin. Na harshe kuma ta ce ba daji ba ne, amma gara a cire shi. A ranar aka cire. Nana ta kama kan likitar ta sumbaci goshinta.

Da aka sa Nana hutawa, likitar ta kira ni waje. Ta ce ba babba a gidan? Na ce ni ce. Sai ta ce to in saurara. Naman da aka cire ya riga ya fara sauyawa, bai kai ba amma yana hanya. Da an ƙara shekara da maganar ta bambanta. Ta ce zai iya dawowa, a wurin ko a wani gefe. Ciwon kumatun ma ba ya warkewa duka, kwanciya yake yi ya tashi. Dole a kawo ta duk bayan wata uku, kuma taba ta ƙare. Ta ce, "Ba mu cika gaya wa tsofaffi wannan ba. Ku na gida ku san yadda za ku riƙa kawo ta." Ta koya mini yadda zan riƙe harshen a bakin taga in duba gefe da ƙasa, sau ɗaya a mako.

An yi tabarau ɗin ma, don kada mu koma wa Hankiya hannu sake. Nana ta sa, ta kalle ni ta ce ashe ina da ƙuraje a goshi.

Ga damuwata. Abu ɗaya Nana ta ji, ba daji ba ne. A jirgi ta ce, da harshenta mai ɗinki, ita da Sarajevo sai a lahira. Ranar komawa sha shida ga Disamba. Yaya zan yi?

Zineta


Stuttgart, 3 ga Oktoba

Zineta 'yata,

Alhamdu lillahi. A tsaye na karanta layin farko, a zaune na karanta sauran. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe da Strina, ki ce tabarau ya yi mata kyau ko ban gani ba.

Shawarata, kada ki gaya mata abin da likita ta faɗa miki a waje. Tsohuwa ce, ta sha wahala, ki bar ta da farin cikinta. Ki ce mata ba a ba da man shafawar sai mai ciwon ya je da kansa, kuma na hannunku zai ƙare a Disamba. Tunda man na mata daɗi za ta bi ki. Taba kuma ki ce tana hana man aiki. In an yi na Disamba ma nemo wani dalilin na Maris.

Haka aka yi wa kakanki. Har ya rasu gyambon ciki aka ce masa, ya tafi hankalinsa kwance. Haka muke yi wa namu, tausayi ne.

Kin yi abin da manya suka kasa. Ki ci abinci, ki yi barci.

Raziya


Brestovo, 19 ga Oktoba

Tetka Raziya,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya. An gama taba, an gama inabi, rumman ɗin Hankiya ya tsallako katanga muna ci tana zagi. Ɗinkin Nana ya warke. Man yana aiki, jan wuraren saura ɗaya ƙarami. Shekaranjiya ta ci tattasai mai cushen shinkafa har biyu. Ran Juma'a na duba harshen a bakin taga, sumul yake, sai ɗan layin yanka. Ta ce in yi sauri, ita ba akuya ba ce a kasuwa.

Amma ta koma wa taba. Ɗaya bayan gahawar safe, ɗaya da la'asar. Na yi magana, ta ce, "Yarinyar nan ta ce ba daji ba ne. Ko kin fi ta karatu?"

Na gode da shawararki. Na yi niyyar bi, har na shirya maganar a bakina. Ran Lahadi muna ɓarar wake sai na tambaye ta labarin Dedo, kakana, don in ji yadda aka yi. Na ce, "Nana, da gaske bai sani ba?"

Ta ce, "Wa ya gaya miki? Ya sani sarai. Mutumin da ke gane ciwon tunkiya daga tafiyarta?" Ta ci gaba da ɓara. Ta ce, "Ya yi kamar bai sani ba don kada mu ji ciwo, mu ma muka yi kamar ba mu sani ba don kada ya ji. Wata uku ina zaune gefen gadonsa muna maganar ko za a yi ruwa. Akwai abin da nake so in tambaye shi, akwai wanda nake so in roƙe shi gafara a kai. Ba hanya. In na fara ya gane na sani." Ta share hanci da bayan hannu ta ce wake ne ya shiga mata ido.

Tun ranar nake tunani. Na taɓa yi mata ƙarya don alherinta, kin ga mako nawa ta ci mana. Wannan kuma ba ta mako bakwai ba ce. Duk wata uku sai na ƙirƙiro sabuwa, ina duba bakinta kowace Juma'a tana tambayata me nake nema ina cewa ba komai. Kuma matar da ta gane kwalba da kan harshe za ta gane ni. Daga nan sai mu zauna mu biyu a gidan nan muna maganar ruwan sama.

Ki yi haƙuri, Tetka, ba zan yi yadda kika ce ba. Ban gaya wa kowa ba sai ke. Gobe da safe in ta zuba gahawa, kafin ta kai hannu ga taba, zan faɗa mata duk abin da likita ta faɗa mini a waje, yadda ta faɗa. Bakinta ne. Wataƙila mage ta sake yin aikin aike kwana biyu, zan jure. Bayan haka zan tambaye ta, ba da dabara ba, ko za ta raka ni Sarajevo ran sha shida ga Disamba.

Taki,
Zineta